Takako Doi: malamar jami'a da ta zama mace ta farko a kujerar shugabancin majalisar wakilan Japan

A ranar 6 ga watan Agustan 1993 ne ƴan majalisar wakilan ƙasar Japan suka zaɓi Takako Doi, mai shekaru 64 a duniya, domin ta shugabance su. Tun da aka buɗe majalisar a shekarar 1890, babu macen da ta taɓa hawa wannan kujera. Kafin ta kai wannan matsayi, ta yi koyarwa a jami'a, ta kuma jagoranci babbar jam'iyyar adawa ta ƙasar har ta girgiza masu mulki.

Kuruciya cikin yaƙi

An haifi Takako Doi ranar 30 ga watan Nuwamban 1928 a Kobe, birni mai babbar tashar jiragen ruwa. Mahaifinta likita ne. Tana da shekaru 16, a watan Maris na 1945, jiragen yaƙin Amurka suka yi wa Kobe ruwan bama-bamai, wuta ta cinye unguwanni da dama, har da gidansu.

Bayan Japan ta miƙa wuya, abubuwa suka sake salo. A watan Afrilun 1946 mata suka jefa ƙuri'a karon farko, 39 daga cikinsu suka shiga majalisa. Ranar 3 ga watan Mayun 1947 kuma sabon kundin tsarin mulki ya fara aiki, wanda aka tsara lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mamayar Amurka. Aya ta 9 ta wannan kundi ta haramta wa Japan shiga yaƙi domin warware rikici da wata ƙasa, ta kuma hana ta riƙe rundunar yaƙi.

Takako Doi ta karanta shari'a a jami'ar Doshisha da ke Kyoto, a hannun Shinobu Tabata, masanin tsarin mulki da ya yi fice wajen kare wannan aya. Da ta kammala, sai ta zama malama, ta kwashe fiye da shekaru goma tana koyar da dokar tsarin mulki a Doshisha da wasu jami'o'in yankin.

Daga aji zuwa majalisa

Jam'iyyar gurguzu ta Japan ce ta nemo ta, ta tsayar da ita takara a jihar Hyogo. Ta yi nasara a zaɓen watan Disamban 1969, kuma daga nan ta ci zaɓe sau 12 a jere, ta yi kusan shekaru 36 a majalisa.

Ta fi mai da hankali kan gurɓatar muhalli, da harkokin waje, da ƴancin mata. A wancan lokaci dokar Japan ta tanadi cewa ta wajen uba ne yaro ke gadon zama ɗan ƙasa. Wannan ya sa yara da dama da matan Japan suka haifa da baƙi, musamman sojojin Amurka a tsibirin Okinawa, suka tashi ba su da ƙasa ko ɗaya. Doi na cikin waɗanda suka dage kan batun a zauren majalisa, har aka gyara dokar a 1984, ta fara aiki a 1985, uwa ma ta sami damar bai wa ɗanta ƙasa.

Shekarar da masu mulki suka sha kashi

Jam'iyyar LDP ce ke riƙe da mulki tun 1955. A zaɓen watan Yulin 1986 ta lashe kujeru 300 daga cikin 512, ƴan gurguzu suka tashi da 85. Shugabansu ya yi murabus, kuma a watan Satumba aka damƙa wa Doi jam'iyyar, ta zama mace ta farko da ta shugabanci wata babbar jam'iyya a Japan.

Jama'a sun karɓe ta saboda kaurin muryarta da maganarta kai tsaye, ba kwana-kwana irin ta manyan ƴan siyasa. Ba ta ɓoye son waƙar karaoke da wasan pachinko na talakawa ba, abin da ya ƙara mata farin jini.

Damarta ta zo a 1989. A watan Afrilu gwamnati ta ɗora harajin kashi 3 cikin 100 a kan kayan da ake saye, irin wanda aka fi sani da TVA, abin da ya harzuƙa matan gida da ƙananan ƴan kasuwa. Badaƙalar hannayen jari ta kamfanin Recruit ta yi awon gaba da firaminista Noboru Takeshita, wanda ya gaje shi kuma, Sosuke Uno, ya faɗa abin kunya na neman mata. Doi ta tsayar da mata da yawa takara, ta zagaye ƙasar tana yaƙi da sabon harajin. A zaɓen majalisar dattawa na watan Yuli jam'iyyarta ta sami kujeru 46, LDP ta sami 36, ta rasa rinjaye a wannan zaure karon farko. Mata 22 ne suka ci zaɓen.

A watan Agusta majalisar dattawa ta zaɓi Doi a matsayin firaminista, amma majalisar wakilai ta zaɓi Toshiki Kaifu na LDP, kuma bisa tsarin mulki zaɓin wakilai ne ke rinjaye. A zaɓen watan Fabrairun 1990 jam'iyyarta ta kai kujeru 136, sai dai LDP ta ci gaba da mulki. Bayan kayen da suka sha a zaɓukan jihohi da na ƙananan hukumomi na 1991, ta sauka daga shugabancin jam'iyyar.

A kan kujerar shugabanci

A watan Yulin 1993 LDP ta rasa rinjaye, gungun jam'iyyu takwas ya kafa gwamnati ƙarƙashin Morihiro Hosokawa, kuma su ne suka ɗora Doi kan shugabancin majalisa. Da hawanta ta sauya yadda ake kiran sunayen wakilai. A da ana haɗa sunan ɗan majalisa da kalmar kun, wadda aka fi yi wa maza da na ƙasa, ita kuwa ta koma amfani da san, kalmar girmamawa ta kowa da kowa.

Shekaru ukun da ta yi a kujerar ba su yi wa jam'iyyarta daɗi ba. A 1994 aka sauya dokar zaɓe. A tsohon tsari kowace mazaɓa na fitar da wakilai da yawa, ta yadda jam'iyya ta biyu ma kan sami rabonta. Sabon tsarin ya ware kujeru 300 da mutum ɗaya ke lashewa a kowace mazaɓa, da wasu 200 da ake rabawa gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu, abin da ya fi amfanar manyan jam'iyyu. A watan Yunin wannan shekara ƴan gurguzu suka ƙulla ƙawance da tsohuwar abokiyar hamayyarsu LDP, shugabansu Tomiichi Murayama ya zama firaminista, ya kuma amince cewa rundunar kare kai da aka kafa a 1954 ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Magoya baya da yawa suka ga an yi watsi da aƙidar da aka san jam'iyyar da ita. Tana kan wannan kujera ne kuma girgizar ƙasa ta 17 ga watan Janairun 1995 ta afka wa Kobe da kewaye, ta hallaka mutane fiye da 6,000.

Shekarun ƙarshe

A 1996 jam'iyyar ta sauya suna zuwa SDP, akasarin wakilanta suka fice zuwa wata sabuwar jam'iyya. Doi ta sake karɓar ragama, amma kujeru 15 kacal suka samu a zaɓen watan Oktoba, sannan 19 a shekarar 2000.

A watan Satumban 2002 Koriya ta Arewa ta amsa cewa jami'anta sun sace ƴan Japan a shekarun baya. Jam'iyyar Doi, wadda ta daɗe tana ɗasawa da mahukuntan Pyongyang, ta sha suka kan rashin ɗaukar koken iyalan da muhimmanci, har Doi ta nemi gafara. A 2003 aka kama tsohuwar sakatariyarta a wata badaƙalar albashin mataimakan ƴan majalisa. A zaɓen watan Nuwamba jam'iyyar ta koma kujeru 6, Doi ta yi murabus, Mizuho Fukushima ta gaje ta. A 2005 ta rasa kujerarta.

Takako Doi ba ta taɓa aure ba. Ta rasu ranar 20 ga watan Satumban 2014 sakamakon ciwon huhu, tana da shekaru 85. A lokacin rasuwarta, ba a taɓa sauya ko kalma ɗaya ba a cikin kundin tsarin mulkin 1947 da ta koyar a jami'a ta kuma kare a majalisa.