HAJIYA GAMBO SAWABA TA SABON GARIN ZARIYA

Yawancin ɗalibai sun san asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, amma ba kowa ya san matar da aka sa wa asibitin sunanta ba.

An haife ta a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, an kira ta Gambo ne domin ita ta bi tagwaye. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Ta fara makaranta a Tudun Wada, amma rasuwar mahaifinta a 1943 ta katse karatun. Ba a daɗe ba mahaifiyar ma ta rasu, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, Gambo ta shiga reshen Zariya tana matashiya. A zamanin nan shiga NEPU sayen wahala ne, domin 'yan doka da kotun alƙali duk a hannun En'e suke. Maza da yawa a ɓoye suke zuwa taro. Ita kuwa ta hau dandamali a bainar jama'a ta yi magana, sunan Sawaba ya bi ta har ya danne na yanka.

Babban aikinta ba a kan dandamali yake ba. Gida-gida take bi, ta shiga wurin matan kulle inda namiji ba ya isa, ta zauna da su a tsakar gida. Ta yi musu magana a kan auren wuri, wanda ita kanta ta ɗanɗana, da harajin da ya fi ƙarfin talaka, da aikin tilas, da sa 'ya'ya mata makaranta. Har Abeokuta ta je don ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa a can. Wannan shiga gidaje ita ta fi tsorata masu mulki. An kama ta a Kano saboda taron mata ba da izini ba, daga baya aka kore ta daga garin. An sha ɗaure ta, an sha dukanta, amma da ta fito sai ta koma bakin aiki.

Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su wannan 'yanci. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe babban muƙami a jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Gidanta na Sabon Gari bai rabu da baƙi da marayun da take riƙo ba, ba ta kuma tambayar yare ko addini. Ta rasu a watan Oktoba na 2001. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da ke ɗauke da sunanta a Jami'ar Bayero ta Kano.