Altiya Gibsan, ɗiyar manoman auduga

1. Daga gona zuwa birni

An haifi Altiya Gibsan ran 25 ga watan Agusta na shekara ta 1927, a wani ƙauye mai suna Silba, cikin jihar Karolina ta Kudu, a ƙasar Amurka. Iyayenta baƙar fata ne. Daga Afirka aka kwashe kakannin baƙar fatan Amurka cikin jiragen ruwa, aka sayar da su bayi. An hana bauta a ƙasar tun 1865, amma jikokin bayin ba su fita daga talauci ba.

Iyayen Altiya auduga suke nomawa a gonar wani. In kaka ta yi, sai a raba amfanin gona tsakaninsu da mai gonar. A waɗannan shekaru auduga ta faɗi, abin da suke samu bai isa ci ba. Sai suka bar ƙauye, suka tafi bida a birnin Niyu Yok. A 1930 suka zauna a Harlem, wata babbar unguwa ta baƙar fata.

Altiya ita ce babba cikin ƴaƴa biyar. Doguwa ce, siririya, ga ƙarfi, ga zafin zuciya. Ba ta son zaman aji. Sau da yawa takan gudu daga lakwal, ta wuni a titi tana wasan ƙwallo da yara maza. Mahaifinta ya koya mata dambe, kuma ba ta tsoron faɗa da kowa.

2. Wasan masu kuɗɗi

Tanis wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Ana ɗaura raga a tsakiyar fili, kowane gefe yana buga ƙaramar ƙwallo da raket, tana tsallake ragar. Wasan yana da tsada. Ƙwallon ƙafa, yara ashirin sukan yi shi da ƙwallo ɗaya a kowane fage. Tanis kuwa sai da fili gyararre, da raket, da ƙwallaye, da fararen tufafi, da takalma, da malami mai koyarwa wanda ake biya. A wancan zamani yawancin filayen na kulob-kulob ne. Ba mai shiga sai ɗan kulob, kuma ɗan kulob yana biyan kuɗɗi kowace shekara.

Yaran Harlem suna da irin nasu tanis na talakawa. Da rana ƴan sanda sukan rufe titin da gidan su Altiya yake, don yara su yi wasa. Sai a zana ɗan fili a kan kwalta, a buga ƙwallo da ɗan allon katako. Nan Altiya ta fara. A 1939, tana da shekara 12, ta zama gwanar mata ta wannan wasa a dukan birnin Niyu Yok.

Wani makaɗi mai kula da wasan yara a unguwar ya ga yadda take bugu. Ya saya mata raket na hannu, ya sa ta gwada da bango. A 1940 maƙwabta suka yi karo-karo, suka biya mata kuɗɗin shiga wani kulob na baƙar fata da kuɗɗin malami. Malamin nata hannu ɗaya gare shi, amma ya san wasan ƙwarai.

Ƴan kulob ɗin likitoci ne da lauyoyi da ƴan kasuwa. Launin fatarsu ɗaya da Altiya, amma su masu hali ne, ita ɗiyar talaka. Suna magana a hankali, suna gaisawa bayan wasa ko an ci su. Altiya kuwa, in ta faɗi, sai ta ji kamar ta kai wa abokiyar wasanta naushi. Ta daɗe kafin ta koyi danne zuciyarta.

3. Likitoci biyu

A lokacin Turawa da baƙar fata ba sa gasa tare. Baƙar fata sun kafa tasu ƙungiyar tanis tun 1916. Altiya ta ci gasar ƴan mata ta wannan ƙungiya a 1944 da 1945. A 1946 ta shiga ta manyan mata, ta kai wasan ƙarshe, aka ci ta.

Cikin ƴan kallo akwai likitoci biyu baƙar fata, Likita Itan da Likita Jansan. Sun ga yarinyar tana da baiwa, amma ba ta da ilimi, ba ta da ko kwabo. Sai suka shirya tsakaninsu. Lokacin karatu za ta zauna gidan Likita Itan, a garin Wilmintan, ta koma lakwal. Lokacin hutu kuma Likita Jansan zai ɗauke ta cikin motarsa, ya kai ta gasa gari-gari. Kowannensu yana da filin tanis a gidansa.

Altiya ta yarda. Tana da shekara 19 ta koma aji, ta zauna tare da yaran da ta girma. Wilmintan a kudancin Amurka yake, inda a lokacin doka ta raba mutane bisa launin fata. Makarantu dabam, wuraren cin abinci dabam, cikin bas ma baƙar fata sai kujerun baya. Ta daure. A 1949 ta gama sakandare, ta sami bursu, ta shiga wata jami'a ta baƙar fata a jihar Filorida. Daga 1947 kuma ta ci gasar ƙungiyarsu shekara goma a jere.

4. Ƙofar da aka rufe

A lokacin, babbar gasar Amurka a wani wuri ake yin ta mai suna Fores Hil, cikin Niyu Yok. Babu dokar da aka rubuta mai hana baƙar fata shiga. Amma ba a gayyatar ɗan wasa sai ya nuna kansa a ƙananan gasanni, su kuwa a kulob-kulob na Turawa ake yin su, kuma kulob-kulob ɗin ba sa gayyatar baƙar fata. Haka aka rufe ƙofa ba tare da an ce an rufe ta ba.

A 1950 wata Baturiya mai suna Alis Mabul, wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu, ta rubuta wasiƙa a mujallar tanis. Ta nuna cewa abin kunya ne a hana ƴar wasa fili saboda fatarta, kuma in ana son a san ƙarfin Altiya, sai a bar ta ta buga. Wasiƙar ta girgiza shugabannin wasan. A watan Agusta na 1950 Altiya ta shiga filin Fores Hil. Ita ce baƙar fata ta farko da ta buga a wannan gasa.

Ta ci wasanta na farko. A na biyu ta gamu da Luwiz Buraf, wadda ta riga ta ci gasar Wimbildan ta Ingila sau uku a jere. Karawar zagaye uku ce. Luwiz ta ci na farko, Altiya ta ci na biyu. A na uku Altiya tana gaba da 7 da 6, saura kaɗan ta gama, sai hadari ya taso. Aradu ta faɗa wa gunkin wata mikiya na dutse da ke saman filin, ta kayar da shi. Aka tsayar da wasa. Washegari aka ci gaba, Luwiz ta ci 9 da 7. Altiya ta faɗi, amma duk wanda ya kalli wasan ya san wurinta ne.

5. Shekarun nasara

A 1951 ta buga a Wimbildan. Amma shekarun da suka biyo baya sun yi mata wuya. Ta gama jami'a a 1953, ta zama malamar motsa jiki. Albashin kaɗan ne, tafiya zuwa gasa kuwa tana cin kuɗɗi. Har ta yi tunanin barin tanis ta shiga aikin soja. Wani direban taksi mai koyar da tanis ya gyara mata riƙon raket, ya ƙarfafa mata zuciya.

A 1955 gwamnatin Amurka ta aika ta ƙasashen Asiya tare da wasu ƴan wasa Turawa. Ta buga a Indiya da Pakistan da wasu ƙasashe. Daga nan ta wuce Turai, tana cin gasa bayan gasa. A 1956 ta ci babbar gasar Faransa a birnin Pari. Kafin ita, babu baƙar fata, mace ko namiji, da ya taɓa cin ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya.

A wannan tafiya ta ƙulla abota da wata ƴar Ingila, Anjela Bakston. Anjela Bayahudiya ce, ita ma wasu kulob-kulob sun ƙi karɓarta. Su biyun suka haɗa kai, suka ci gasar mutum biyu-biyu a Pari da Wimbildan a 1956.

Ran 6 ga watan Yuli na 1957 Altiya ta ci gasar Wimbildan. Sarauniyar Ingila, Elizabet ta Biyu, ta miƙa mata farantin nasara da hannunta. Da ta koma Niyu Yok, aka zaga da ita cikin buɗaɗɗiyar mota, dubban mutane suna tafi. A watan Satumba ta ci gasar Fores Hil, kuma Luwiz Buraf ce ta kayar a wasan ƙarshe. A 1958 ta sake cin gasannin biyu.

6. Gwana ba kuɗɗi

A wancan zamani ba a biyan wanda ya ci manyan gasanni. Dokar wasan ta ce ɗan wasa don sha'awa yake bugawa. In ya karɓi lada, sai a hana shi shiga. Wannan doka ba ta damu ƴaƴan masu kuɗɗi ba, domin akwai abinci a gidajensu. Altiya kuwa kofuna sun cika mata ɗaki, amma kofi ba ya biyan kuɗɗin haya. A ƙarshen 1958, tana da shekara 31, tana gaban dukan matan duniya, ta bar manyan gasanni don neman abinci.

Ta yi wasannin nuni ana biyanta. Ta yi waƙa, ta fito a wani fim. A 1964 ta shiga ƙungiyar mata masu wasan golf don kuɗɗi, ita ce baƙar fata ta farko a cikinta. Golf ma wasan masu hali ne. Wasu otel-otel sun hana ta ɗaki. A wasu kulob-kulob an bar ta ta buga a fili, amma an hana ta shiga ɗakin canja tufafi, sai ta canja cikin motarta. Abin da ta samu a golf bai taka kara ya karya ba.

A 1968 aka canja doka, aka fara biyan gwanayen tanis. Lokacin Altiya ta wuce shekara 40. Daga baya ta yi aikin kula da wasanni a jihar Niyu Jasi, tana koya wa yaran talakawa tanis.

Da ta tsufa ciwo ya kama ta, kuɗɗin magani ya cinye abin da take da shi. Anjela Bakston ta ji labari, ta sanar da duniya, mutane suka aiko da taimako daga ƙasashe da yawa. Altiya Gibsan ta rasu ran 28 ga watan Satumba na 2003, tana da shekara 76.

7. Bayanta

Likita Jansan ya koyar da wani yaro kuma, Ata Ash, wanda ya ci gasar Amurka a 1968. A ɓangaren mata kuwa, sai 1999 wata baƙar fata ta sake cin wannan gasa, wato Serena Wiliyams. Yayarta Binus ta ci Wimbildan a 2000. Su ma ba a kulob suka fara ba, a filayen gwamnati mahaifinsu ya koya musu. A 2019 aka kafa mutum-mutumin Altiya a wurin da ake yin gasar Amurka.

Altiya tana da baiwa da naci. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makaɗi ya saya mata raket, maƙwabta suka biya mata kulob, likitoci biyu suka mai da ita lakwal, Alis Mabul ta yi magana lokacin da wasu suka yi shiru. A titin nan na Harlem yara da yawa sun buga ƙwallo tare da ita, ita ce ta sami masu riƙe mata hannu.

Kalmomi

Raket: abin buga ƙwallon tanis, yana da mariƙi da baki mai saƙar zare.
Kulob: ƙungiya mai wurin wasa nata, wanda sai masu biya suke shiga.
Bursu: kuɗɗin da ake ba ɗalibi don ya yi karatu.
Golf: wasan buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

Tambayoyi

1. Me ya sa iyayen Altiya suka bar ƙauyensu?
2. Ku faɗi abubuwa huɗu da suke sa tanis tsada.
3. Yaya aka hana baƙar fata shiga gasar Fores Hil ba tare da doka ba?
4. Me ya sa Altiya ta bar manyan gasanni a 1958?
5. Waɗanne wasanni ake yi a garinku? Wanne ne yake bukatar kuɗɗi, wanne ne kowa yake iya shiga?