Erwin Smith, malamin da ya gano ƙwayar cutar da ke kashe tumatir a tsaye

'Yan uwa manoma, duk wanda ya taɓa noman tumatir ya san wannan baƙin ciki. Da safe shuka tana nan kore shar, da rana ta yi yaushi kamar ba a ba ta ruwa ba, bayan 'yan kwanaki ta mutu ganyenta bai ko ja ba. Wanda ya fara bayyana ƙwayar da ke wannan ɓarna ya kuma raɗa mata suna wani Ba'amurke ne, Erwin Smith.

An haife shi a 1854 a jihar New York, ya girma a gona a jihar Mishigan. Karatu bai zo masa da wuri ba, sai da ya kai shekara 32 ya samu digiri a Jami'ar Mishigan, a 1886. A shekarar ya kama aiki a Ma'aikatar Gona ta Amurka, inda ya zauna har rasuwarsa a 1927. Aikinsa na farko a kan wata cuta ce ta wani itacen marmari na ƙasarsu. Ya yi shekaru yana binta bai gano sanadinta ba, amma bai karaya ba.

A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka fumfuna ce ke kawo cututtukan shuka, bakteriya kuwa ta mutum ce da dabba. Smith ya bi abin a tsanake. Zai ciro ƙwayar daga shukar da ta kamu, ya raine ta ita kaɗai, ya sa wa lafiyayyar shuka. In cutar ta fito, sai ya sake ciro ƙwayar ya duba ko ita ce dai. Ta haka ya bayyana mai sa kokwamba yaushi a 1895, da ta tumatir, gauta da dankalin Turawa a 1896, da mai ɗiga baƙi a ganyen auduga a 1901, wadda masu auduga a nan Arewa suka sani.

Wani farfesa Bajamushe, Alfred Fischer, ya ƙaryata shi, yana ganin bakteriyar tana shiga ne bayan shuka ta riga ta lalace. Suka yi ta musu a rubuce har 1901, hujjojin Smith suka rinjaya. A 1907 shi da Charles Townsend suka gano ƙwayar da ke sa ƙulu a gindin shuka. Ya rubuta babban littafi mai juzu'i uku, 1905, 1911 da 1914, ya kuma ɗauki mata masana da dama aiki lokacin da ba kowa ke ɗaukarsu ba. A 1920 aka raɗa wa wani dangin bakteriya sunansa, Erwinia.

Bincike bai tsaya da shi ba. Ƙwayar tumatir ɗin nan yanzu ana kiranta Ralstonia, kuma da aka duba ƙwayoyin gadonta an ga ba iri ɗaya ba ce, har a 2014 aka raba ta gida uku. Shi ya sa irin tumatir da ya jure mata a wata ƙasa zai iya faɗuwa a fadamarka. Ƙungiya ta gwada sabon iri a 'yan fangali tukuna kafin ta zuba kuɗi.

To, yaya za ka gane ta? Yanke karan shukar da ta yi yaushi kusa da gindi, ka rataya bakin a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar ka motsa. In cikin 'yan mintoci ka ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka, bakteriya ce. Kar ka ɓata kuɗinka a maganin fumfuna, ba ya kashe ta. Tuge shukar da saiwarta ka ƙone, kar ruwan wannan fangali ya gangara wani, a wanke fartanya kafin a shiga gaba. Ƙwayar tana daɗewa a ƙasa, don haka a juya wurin da masara, dawa ko gero na wasu shekaru. Kar a maye shi da gauta, tattasai, barkono ko dankalin Turawa, duk danginsu ɗaya, duk tana kama su.

Wanda ya gwada bai gamsu ba, ya ɗauki shukar da gindinta ya kai wa malamin gona mafi kusa kafin ya sayi kowane magani. Allah Ya ba mu albarkar noma.