Shu'aibu Amodu: kocin da ya kai Najeriya Kofin Duniya sau biyu, bai je ko ɗaya ba

Sau biyu Shu'aibu Amodu ya samo wa Najeriya gurbi a Gasar Cin Kofin Duniya, sau biyu kuma aka sallame shi ana saura watanni kaɗan a tafi. Matashin da ke cika gidan kallo a Birnin Kudu ko Gwaram ran wasan Super Eagles zai iya jero 'yan wasan waɗancan shekaru da ka, amma da wuya ya tuna da mutumin da ya tsara su.

An haife shi ranar 18 ga Afrilu, 1958, ɗan garin Okpella ne a Jihar Edo ta yanzu. Ya buga wa Dumez da Niger Tornadoes ta Minna a matsayin ɗan wasan gaba, kafin karayar ƙafa ta raba shi da fili tun yana da sauran ƙuruciya. Daga nan ya koma bakin layi, kuma a Arewa ya yi suna. Da BCC Lions ta Gboko, ƙungiyar kamfanin siminti a Jihar Binuwai, ya ci Kofin Ƙalubale a 1989. A shekarar da ta biyo baya ya ɗauko kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, bayan doke Club Africain ta Tunisiya a wasan ƙarshe. Ya kuma ci Kofin Ƙalubale da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri a farkon shekarun 1990. Daga baya ya horar da Shooting Stars ta Ibadan da Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu.

Abin ban mamaki, wannan tsohon ɗan wasan gaba da tsaron gida aka san shi. Ƙungiyarsa takan toshe baya, ta cika tsakiya, ta jira kuskuren abokin karawa, sannan ta wadatu da ƙwallo ɗaya. 'Yan kallon da suka saba da rawar Okocha sun daɗe suna kukan cewa wasan nasa ba ya ƙayatarwa. Suna da gaskiyarsu. Sai dai gurbi a gasa da maki ake samunsa, kuma a wannan fanni alƙaluma na bayansa.

An fara damƙa masa Super Eagles a 1994, bayan tafiyar Clemens Westerhof, amma zaman bai yi tsawo ba. Babban gwajin ya zo a 2001. Najeriya ta sha kashi a hannun Saliyo a Freetown, Laberiya ta George Weah tana gabanta a rukuni, aka kori Jo Bonfrere ɗan ƙasar Holan, aka kira Amodu ya kashe gobara. Da shi da mataimakansa Stephen Keshi da Joe Erico suka ci wasanni ukun da suka rage ba tare da an jefa musu ƙwallo ko ɗaya ba: Laberiya 2-0, Sudan 4-0, Ghana 3-0. A gasar Afirka ta 2002 a Mali ma, wasanni huɗu na farko babu wanda ya taɓa ragarsu. Senegal ce ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe bayan ƙarin lokaci, suka ƙare a matsayi na uku.

A can ne rigima ta ɓarke tsakanin manyan 'yan wasa da jami'an ma'aikatar wasanni, aka zargi kocin da kasa tsawata wa yaransa. Aka rusa tawagar, aka ba Festus Onigbinde aikin, aka ajiye kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George. Najeriya ta je Koriya da Japan ta dawo da maki ɗaya tak. Ya kamata a lura cewa wanda ya gaje shi a wannan karo ɗan gida ne, don haka matsalar ta wuce zancen fifita Bature. Hukuma ce da ke neman wanda za ta ɗora wa laifi duk lokacin da jama'a suka fusata, kuma koci ɗan ƙasa shi ne mafi arahar sallama.

A 2008 aka sake nemo shi. Zagayen farko na neman gurbin 2010, wasa shida ya ci duka shida, ƙwallo ɗaya kacal aka zura masa. Zagaye na ƙarshe ya zo da tsauri, domin canjaras biyu da Tunisiya ya sa makomar Najeriya ta koma hannun wasu. Ranar 14 ga Nuwamba, 2009, Kenya ta fara jefa ƙwallo a Nairobi, Obafemi Martins ya ci biyu, Yakubu Aiyegbeni ya ci ɗaya, aka tashi 3-2, yayin da Mozambik ta doke Tunisiya a Maputo. Wasanni goma sha biyu, babu rashin nasara ko ɗaya. A gasar Afirka ta Angola, cikin Janairun 2010, ya sake zuwa na uku bayan Ghana ta tare shi da ci ɗaya. A watan Fabrairu aka sauke shi.

Wanda aka ɗauko, Lars Lagerbäck, bai iya kai ƙasarsa Sweden wannan gasa ba. A Afirka ta Kudu sakamakon ya maimaita na 2002, maki ɗaya, sai jan katin Sani Kaita a wasan Girka da har gobe ake zancensa a majalisu. Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da tawagar na shekara biyu, sannan ya janye da FIFA ta yi barazanar hukunci.

Duk da haka Amodu bai juya wa hukumar baya ba. Ya karɓi muƙamin daraktan harkokin horarwa na NFF, kuma a Oktoban 2014 aka naɗa shi riƙon ƙwarya bayan cire Keshi, sai dai cikin makonni biyu aka mayar da Keshin kan kujerarsa. Keshi ya rasu ranar 7 ga Yuni, 2016 a Benin. Kwana uku bayan haka, a birnin dai, Amodu ya koka da ciwon ƙirji da dare, ya kwanta bai farka ba, yana da shekara 58. An yi masa sutura a Okpella bisa tsarin Musulunci.