Raphael Lemkin, Mutumin Da Ya Raɗa Wa Laifi Suna

An haifi Raphael Lemkin a shekara ta 1900, ɗan manomi Bayahude, a wani ƙauye da ke ƙasar Belarus ta yau. Yana yaro ya karanta labarin yadda Sarki Nero ya sa aka jefa wa namun jeji masu bi a Roma. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, an yi wannan ta'asa a bainar jama'a, babu wanda ya hana.

A 1921, yana ɗalibi a birnin Lwow, aka gurfanar da wani saurayi Ba'armeniye a Berlin saboda ya harbe Talat Pasha, ɗaya daga cikin shugabannin Turkiyya da suka shirya hallaka Armeniyawa tun daga 1915. Lemkin ya ga abin mamaki: wanda ya kashe mutum ɗaya akwai dokar da za ta kama shi, amma wanda ya sa aka kashe wajen mutum miliyan ɗaya babu dokar duniya da ta san sunan laifinsa. Sai ya koma karatun shari'a.

A 1933, shekarar da aka karkashe Kiristoci Assuriyawa a Simele ta Iraƙi, ya aika wa taron masana shari'a a Madrid shawarar a hukunta irin wannan aiki. Ba a ɗauka ba. Da Jamus ta mamaye Poland a 1939 ya tsere, ya bi ta Suwidin da Rasha da Japan, ya isa Amurka a 1941. Danginsa 49 ne suka mutu a hannun 'yan Nazi, har da mahaifansa.

A littafin da ya fitar a 1944 ya ƙirƙiro kalmar jenosaid, ya haɗa kalmar Helenanci mai nufin kabila da ta Latin mai nufin kisa. Mu da Hausa kisan ƙare dangi muke cewa, kuma fassarar ta dace. Kisan kiyashi yawan gawa yake nunawa. Kisan ƙare dangi kuwa niyya yake dubawa, wato nufin shafe wata al'umma saboda ita ce ita, irin abin da Haman ya ƙulla wa Yahudawa a littafin Esta. A ganin Lemkin, ana iya kashe al'umma ta hanyar ƙwace 'ya'yanta, da hana harshenta, da rushe wuraren sujadarta.

Ya yi ta bin jakadu a Majalisar Ɗinkin Duniya har wasu suna gudunsa. Ranar 9 ga Disamba, 1948, majalisar ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi, amma sai da aka rage mata ƙarfi. An cire waɗanda ake kashewa saboda siyasa, an kuma cire yawancin batun hallaka al'adu. Wannan giɓin ne ya sa har yau ake gardama ko kashe-kashen Kambodiya duka sun shiga ƙarƙashin kalmar. A 1994 ma manyan ƙasashe sun yi ta kauce wa furta ta a kan Ruwanda, domin furtawar tana jawo nauyi.

Lemkin bai yi aure ba. Ya fara rubuta tarihin da ke kwatanta irin waɗannan kashe-kashe tun daga zamanin dā, bai gama ba. Ya rasu a New York cikin talauci a watan Agusta 1959, kuma mutane ƙalilan ne suka je jana'izarsa. Amurka, ƙasar da ya mutu a cikinta, sai a 1988 ta shiga yarjejeniyar.