Sayyadina Zubairu ɗan Awwamu da Bashin da Ya Bari

Sayyadina Zubairu ɗan Awwamu, Allah ya yarda da shi, Baƙuraishe ne. Mahaifiyarsa Safiyya gwaggo ce ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya musulunta tun yana saurayi, ya yi hijira zuwa Habasha, sa'an nan Madina, ya halarci Badar, yana kuma cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Sa'ad da ya auri Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, dukiyarsa ba ta wuce doki da raƙumin ban ruwa ba. Daga baya Allah ya buɗa masa ta hanyar ganima, bai kuwa taɓa riƙe sarautar gari ko karɓar haraji ba.

Riƙon amanarsa ne ya ɗora masa bashi. Mutane sukan kawo masa kuɗi ajiya, shi kuwa sai ya ƙi karɓa sai dai da sunan rance. Dalili kuwa, ajiya in ta salwanta ba tare da sakaci ba, babu ramuwa a kan mai riƙonta, amma rance tilas ne a biya shi. Wato ya zaɓi abin da ya fi masa nauyi domin dukiyar jama'a ta tsira.

Ranar Yaƙin Raƙumi, kusa da Basra, a shekara ta 36 bayan Hijira, wato 656 Miladiyya, ya ji a jikinsa ajali ya gabato. Ya kira ɗansa Abdullahi ya umurce shi da ya sayar da kadarorinsa ya biya mutane haƙƙinsu. Daga nan ya janye daga fagen fama, amma Amru ɗan Jurmuzu ya bi shi ya kashe shi a Wadis Siba'i.

Buhari ya ruwaito cewa bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye, da gidaje 11 a Madina, 2 a Basra, 1 a Kufa, 1 a Misira. Da aka lissafa bashin, ya kai dirhami 2,200,000. Abdullahi ya sa filin Gaba, wanda mahaifinsa ya saya 170,000, a kasuwa a kan 1,600,000, ya yi shela cewa duk mai bin Zubairu bashi ya same shi can. Abdullahi ɗan Ja'afaru, mai bin 400,000, ya nemi ya yafe, ko a jinkirta nasa. Aka ƙi duka biyun, aka yanka masa fili a madadin kuɗinsa.

Bayan an sallami waɗanda suka zo, 'ya'yan marigayin suka nemi a raba musu gado. Abdullahi ya ƙi, da gaskiyarsa kuwa, domin Suratun Nisa'i ta sanya rabo bayan wasiyya da bashi, ga shi kuma mahaifinsa ya yi hulɗa da mutanen garuruwa masu nisa, waɗanda ba lalle labari ya kai gare su ba. Saboda haka kowace shekara sai ya tsaya a taron aikin Hajji ya yi shela, mai bin Zubairu ko da dirhami guda ya fito a biya shi. Shekara huɗu yana haka, magada suna jira. Sai bayan ta huɗun aka fitar da sulusin wasiyya, aka yi rabo, kowacce daga matansa huɗu ta sami 1,200,000.