Barmani Choge, Gwanar Kiɗan Ƙwarya

Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu tun 2013, amma har yau in aka saka amadarta a gidan biki, sai mun miƙe. Sirrinta sanin lokaci ne. Masu ƙwarya na riƙe da bugu ɗaya, ita kuma ta san gaɓar da za ta jefa waƙa, da inda za ta dakata 'yan amshi su karɓa. Wata ta yi gaggawa ko ta makara, rawa ta ɓaci ke nan. Da wannan kiɗa ta shiga gidajenmu, tana zaburar da matan aure su nemi na kansu, komai ƙanƙantar sana'a. Allah Ya jiƙanta da rahama.